Watan da Gandofli Ke Zuba Ƙwai

"Na ce ba zan tafi ba, Harun! Khalas!"

Rahama ta dire bokitin a bakin ƙofa, ta zube kan kujera tana haki. Tun asuba mijin nata ya raka ta Isma'iliyya tonon gandofli, ƙumbar tekun nan da dukansu biyu ke digiri na biyu a kanta. Ga cunkoson titin Faisal na unguwarsu, ga tsohon ciki. Ƙafafunta sun kumbura suntum.

Harun ya ɗebo ruwan ɗumi a roba, ya durƙusa ya tsoma mata su.

"Ummanki ta sake kirana daga Katsina," ya faɗa a hankali. "Ta ce haihuwar fari a gida ake yinta. Kuka take yi, habibti."

"Ni ma kukan nake yi! Watan da zan haihu shi ne watan da gandofli ke zuba ƙwai. In ya wuce ni, sai baɗi... Na gaji, Harun. Wallahi na gaji da taɓo, na gaji da ƙarnin nan!"

"Ni zan riƙa tono miki."

"Naka fa? Naka na Iskandariyya, nawa na Isma'iliyya. Rabuwa biyu za ka yi?"

Ya ci gaba da matsa mata diddige, kansa a sunkuye.

"Na je wurin Dakta Isam, mai duba aikina. Na ɗage nawa sai baɗi."

Ta janye ƙafarta da sauri, ruwa ya fantsama.

"Ba ka ko shawarce ni ba?"

"Da kin hana ni."

"Babanka fa? Shi da yake ta jiran ka gama ka dawo..."

"Ya yi faɗa sosai. Da ya huce ya ce Allah ya sauke ki lafiya."

Ta so ta yi masa masifa, ƙarfin ne babu. Sai kawai ta kifa goshinta a kafaɗarsa, hawaye na jiƙa masa riga.

"Ma'alish, yi haƙuri," ya ce. "Ki je wurin Umma ki huta, rabin raina."

Ta tafi.

Ranar da ta haihu a Katsina, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa wayarsa ta yi ƙara. Ya goge hannu a wando ya ɗaga kiran bidiyon. Rahama ce kwance, fuska a kumbure, ta karkato masa da 'yar jaririya.

"Ga 'yarka, Abban Fauziyya."

Ya ƙura wa jaririyar ido.

"Yi mata huɗuba mana," ta ce, tana dariya tana kuka. "Zan kara mata wayar a kunne."