Katangar da Ke Kallon Taga

Ranar da Dogo ya fara ganinta, yana durƙushe ne gindin sabuwar katangar gidan iyayenta da cokalin gini a hannu. Katangar jan bulo ce, irin wadda ba a yi wa filasta, sai dai a cusa kwaɓi tsakanin bulo da bulo, a yanke shi daidai da fuskar ginin, ba tudu ba kwari, a goge da tsumman buhu. Can sai tagar kicin ta buɗe a bayansa.

"Malam magini, ka yi gaggawa," in ji wata murya mai sanyi. "Kwaɓin bai sha iska ba ka goge, ga shi ka ɓata fuskar bulon."

Ya waiwaya da niyyar ya ga mai koya masa sana'arsa, sai bakinsa ya mutu. 'Yar mai gidan ce, kuma gaskiya ta faɗa. Ubanta tsohon magini ne da ciwon baya ya zaunar, ita kuwa cikin ƙurar siminti ta tashi. Dogo ya sunkuyar da kai, kunya kamar ya nutse cikin tulin yashi.

Kafin sati ya zagayo ya samu lambarta, ya raɗa mata suna 'Yar Taga.

"'Yar Taga, yau kwaɓina ya sha iska, saura ni. Ki buɗe ko kaɗan ne."

"Maginina, ka kula da aikinka. Baba yana da ido a tafin hannu."

Bai ji ba, mai soyayya dama ina ya ga kunne. Kamu huɗun katangar da ke kallon taga, kwana uku ya yi yana lallaɓa su, yana danna kwaɓi har ciki, yana gogewa kamar mai wanke jariri. Sauran katangar kuwa, don ya cike lokacin da ya ɓata, sai ya riƙa shafa kwaɓin a baki-baki kawai. Daga waje sumul, ciki rami.

Da ya aika ana neman izini ya fara zuwa zance, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kira ya yi masa da hantsi, ya sa aka fito da iyalin gidan duka tsakar gida, har da ɗan ƙanwarsa mai aikin ofis, wanda ya daɗe yana zarya da mota saboda ita. Tsohon ya dafa sanda, ya zaro ƙusa daga aljihu. Gaban taga ya soka, ƙusa ta ƙi shiga. Ya matsa gaba ya sake sokawa, ta shige har kai, ɓawon siminti ya zubo masa a kan takalmi. Haka ya bi layi bayan layi.

"Yaro," ya ce, "damina ɗaya ruwa zai shige nan. Ni 'yata ba fuskar katanga ba ce da za a shafa mata a baki."

Mai motar ya yi 'yar dariya. Dogo bai ji zafin dariyar ba kamar yadda ya ji ƙarar rufe taga. Kunya ta kama shi har tafin ƙafa, ya kwashe kayan aikinsa ya fita ba ko sallama.

Kwana biyar yana tura saƙo, shiru. Ya gama yanke wa kansa hukunci cewa mota ta yi gaba da ita. A na shida amsa ta zo.

"Ba fushi nake ba, kunya nake ji. Ni na ce wa Baba ban taɓa ganin mai tsaftar aiki irinka ba. Iya abin da taga ta nuna min na gani. Yanzu ko abinci na kai masa ba na iya ɗaga kai."

Ya karanta ya fi sau goma. Ashe ba kansa kaɗai ya kunyata ba.

Washegari ya dawo da kurfin fasa siminti da guduma, ba wanda ya kira shi. Ya bi duk layin da ƙusa ta shiga ya ƙwaƙule, ya share ƙurar, ya jiƙa da ruwa, ya cusa sabon kwaɓi kaɗan-kaɗan yana dannawa. Sai ya taɓa da babban yatsa ya ji ya kama jiki, sannan ya yanke ya goge. Kwana tara ya yi a haka, maƙwabta na wucewa suna masa sannu mai ɗauke da dariya, bai waiwayi taga ko sau ɗaya ba.

Baba ya fito da ƙusarsa, ya bi katangar kakaf, ya shafa ta da tafin hannu. Har ya buɗe baki zai yi magana, Dogo ya durƙusa.

"Baba, akwai saura. Bayan tankin ruwa, layi bakwai. Nan ma shafawa na yi, kuma tun da aka ajiye tankin hannuna ba ya kaiwa sai an ja shi."

Tsohon ya waiwayi tankin.

"Ban sani ba," ya ce. "Bayana ba zai bar ni in leƙa can ba. Da ka yi shiru, har in mutu ba zan sani ba." Ya mayar da ƙusar aljihu. "A ja tankin. In ka gama, ka turo manyanka."

Saƙonta ya riga shi isa bakin ƙofa.

"Maginina, na ji komai. Yau na kai wa Baba ruwa, kuma na kalle shi ido cikin ido."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su su biyu, suka durƙusa gabansa, Dogo har yanzu ba ya iya haɗa ido da shi.

"Ɗaga kanka, ɗana, ya isa haka," in ji tsohon. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ga ta nan, na ba ka, kuma ba zan biyo ka in duba ba."