Memorin Abba Gana

Ranar da jifan ya fara, yammaci ne irin na kullum a gidan Abatcha da ke Nasarawo. Matarsa Yagana tana bakin murhu. 'Yarsu Sadiƙa, budurwa mai shirin gama sakandare, tana kwashe shanya. Shi kuwa maigidan yana zaune a tabarma da laftof bisa cinya, ya jere wayoyi a gabansa kamar mai talla, sai tsaki yake yi.

Ɗaukar bidiyon biki ce sana'arsa, yana da ɗan shago a Tudun Wada. Ya san halin aikin sarai: abin da ya buɗe a kwamfuta ba lallai ya buɗe a waya ba, wanda babbar waya ta karɓa kuma ƙarama mai madannai tana iya ƙinsa. Shi ya sa ba ya miƙa wa kowa aiki sai ya juya shi zuwa tsari iri-iri, ya gwada ko'ina. Bidiyo ɗaya ne ya gagare shi, kuma shi ne wanda ya fi kowane muhimmanci.

Ranar da suka gudo daga garinsu na Borno, ƙanensa Abba Gana ne ya cusa mahaifiyarsu, Ya Fatimatu, cikin mota. Ya ɗora mata jakarsa a cinya, ya ce yana nan tafe. Bai zo ba, ba a kuma ji labarinsa ba. Cikin jakar aka tsinci memorin kyamararsa, ɗauke da bidiyon sallar ƙarshe da suka yi a gida. Tsohuwar ba ta da buri sai ta ga fuskar autanta. 'Yan'uwa da suka watsu Yola da Kano su ma kullum sai sun bugo, a tura musu.

A laftof baƙin allo kawai yake fitowa. Abatcha ya juya shi zuwa MP4, babbar waya ta nuna kore shar, ba kowa ciki. Ya matse shi zuwa 3GP don ƙananan wayoyi, sai wani shuuu kamar iska cikin ganye. Timoti, mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shagonsa, ya gwada a tasa kwamfutar, ya ce fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, nauyinsa cikakke, bai san me ke riƙe shi ba.

"Ya buɗe?" in ji tsohuwar daga ƙofar ɗakinta.

"Saura kaɗan, Ya."

"Jiya ma haka ka ce."

Ya sake dannawa. Ladan ya ɗaga murya ke nan dutse ya faɗo kan kwanon rufi, ƙararsa ta cika gidan. Wani ya biyo baya, ya gangaro ya tsaya daf da tabarmar. Abatcha ya fita da gudu yana faɗa, a zatonsa yaran unguwa ne. Layin babu kowa. Lokacin ana dokar hana fita saboda tashin bama-bamai, mutane kan shige gida tun da sauran haske. Da ya dawo ya ɗauki dutsen, sai ya yar da sauri. Zafi gare shi kamar an ciro daga murhu.

Haka abin ya ci gaba. Da rana gidan lafiya lau. Da zarar rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai shiru ya sauka, kaji su lafe, sannan jifa. Yagana ce ta fara lura cewa duk yammacin da bai taɓa memorin ba, ba a jifa.

"Baban Sadiƙa, ka bar abin nan haka. Don Allah."

"In bar shi in ce wa Ya me? Aikina ne. Bidiyon mutanen da ban sani ba ina buɗe musu, sai na ƙanena ne zai fi ƙarfina?"

Bai bari ba. Ya aro wayoyi, ya sauko da manhajoji sababbi, ya rage girman hoton, ya raba sauti daban. Ranar wata Laraba ya tura wani sabon juyi cikin wayar Sadiƙa, ya ce ta gwada masa. Ta sa abin ji a kunne, ta zauna bakin rijiya. Aka ɗan jima ba ta motsa ba. Uwarta ta kira ta, shiru. Da ta ɗago, idanunta sun kafe, ta dubi mahaifinta ta yi magana da Barbarci irin na tsofaffin ƙauye, wanda ita ba ta iya ba, cikin murya mai kauri.

"Ka ishe ni."

Ta faɗi.

Tun daga ranar ba ta koma makaranta ba. Ba ta ci sai an matsa mata. Da rana ta kwanta tana kallon bango, da almuru ta miƙe ta tsaya tsakar gida, ta rungume iska kamar mai rungumar gindin bishiya, tana gunji. A asibiti aka auna ta aka ce ba a ga komai ba. Abatcha ya rame. Ya rufe laftof ɗin ya tura ƙarƙashin gado, amma jifan bai tsaya ba kuma, har randar ruwansu ta fashe.

Limamin unguwa ne ya haɗa shi da Malam Yuguda na Kumbiya-Kumbiya, wani dattijon Bafulatani marar yawan magana, wanda aka sani da ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar cikin keke. Ya saurari labarin duka bai katse ba, sannan ya ce a shimfiɗa wa yarinyar tabarma, uwarta da kakarta su riƙe ta, a ajiye memorin a faranti inda zai gan shi.

Ya fara karatu a hankali. Haske yana raguwa, muryarsa tana ƙaruwa. Dutse ɗaya ya faɗo, bai ɗaga kai ba. Sadiƙa ta fara karkarwa, ta toshe kunnuwa, ta sandare, sai muryar nan ta fito.

"Tsaya, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ka zo yi jikin baiwar Allah?"

"Maƙwabcinsu ne ni. Tsamiyar da ke tsakar gidansu can, a kanta nake tun kafin a kawo tsohuwar nan amarya. Ban taɓa cutar da kowa ba. Ku tambaye ta."

Ya Fatimatu ta sunkuyar da kai, leɓunanta suna motsi da addu'a.

"An cinna wa garin wuta," muryar ta ci gaba. "Tsamiyar ta ƙone ƙurmus. Nawa sun watse kamar yadda nasu suka watse. Ba inda tsamiyar ta saura sai cikin memorin can, shi na biyo. Shi kuma wannan kullum yanka ta yake yi, ya matse, ya jefa cikin ƙananan akwatuna, yana shirin aika ta gari-gari. Na yi gargaɗi da dutse, bai ji ba."

Abatcha ya yunƙura cikin fushi. "Ƙanena nake nema! Ina ruwana da bishiyarka?"

Malam ya ɗaga masa hannu, Abatcha ya zauna. Sannan Malam ya juya ga mai muryar.

"An zalunce ka, sai ka zo ka zalunci yarinyar da ba ta san komai ba? Ka ji tsoron Allah, ka fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba za a zubar maka da jini ba ko na ƙadangare." Ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi ƙara har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"To tsaya! Zan ba su abin da ya fi. Ina nan ranar da aka shiga garin. Na ga inda Abba Gana ya bi. Ku bar ni jikinta, in gaya muku."

Yagana ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi mahaifiyarsa. Malam ya ce a hankali, "Hajiya, irinsu sukan faɗi gaskiya ɗaya su lulluɓe ta da ƙarya. Amma ɗanki ne. Ba zan yi miki shisshigi ba."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon fuskar jikarta, wadda gumi ya jiƙe.

"Wanda ya ba ni shi ya san inda yake," ta ce. "Wannan kuwa ga ta a hannuna. Riƙe labarinka, ka sakar mini jika."

Muryar ta yi wani dogon nishi. Da ta dawo, ta yi laushi.

"To a ba ni abin can. A goge duk wanda aka juya. A kai shi bayan gari, a sa a kogon bishiya, a bar ni."

"Ba zan hana ba, in masu shi sun yarda," in ji Malam. "Amma uwa tana da haƙƙi a cikinsa."

"Ta kalla sau ɗaya. Zan matsa gefe."

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa ba zai dawo ba, ya umarce shi ya fita ta yatsan ƙafa. Ƙafar hagun Sadiƙa ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Mama, ƙishirwa nake ji." Yagana ta fashe da kuka.

Bayan sun yi sallah, Abatcha ya jawo laftof ya sa memorin. Bai juya komai ba, dannawa ɗaya ya yi. Tsakar gidansu na Borno ta bayyana tar, rana tana zuba ta cikin ganyen tsamiya, yara cikin kayan salla suna guje-guje. Ya zaro waya da sauri zai ɗauki allon, tsohuwar ta dafe masa hannu.

"An ce sau ɗaya."

Suka zuba ido suna jiran fuskarsa. Aka nuno Yagana tana rabon abinci, aka nuno Abatcha yana gyara hula, aka nuno Sadiƙa tana ɓoye fuska. Sai a lokacin Abatcha ya gane abin da ya kamata mai sana'arsa ya gane tun farko: Abba Gana ne ke riƙe da kyamarar. Hoton ya juya kan Ya Fatimatu zaune a gindin bishiyar, sai murya ta fito daga bayan kyamara, tana dariya.

"Ya, ɗago mana. Haba Ya, yau salla, ki yi mini murmushi. Yauwa! Kin ga kyanki kuwa?"

Bidiyon ya ƙare a nan. Abatcha ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, sannan ya zare memorin ya miƙa wa Malam Yuguda. Washegari suka kai shi bayan gari tare. Ba a sake jifa a gidan ba, Sadiƙa kuma ta koma makaranta.

Da 'yar'uwar Abatcha ta bugo daga Yola tana tambaya ko ya buɗe, sai ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar.

"Ya buɗe," ta ce.

"Kin gan shi, Ya? Yaya fuskarsa?"

"Ban gan shi ba, Kadijatu. Shi ne yake kallona. Dariya yake yi."