Dabinon Malam Ilu

A kan allon ɗakin gwaji, Dakta Uwani tana kallon 'yan sintiri suna aiki cikin huhun mahaifinta, Malam Ilu. Na'urori ne da ido ba ya gani, ana shaƙarsu kamar turare. An koya musu tambarin jinin mutum ɗaya tak. Duk ƙwayar halittar da ke ɗauke da wannan tambari, in ta fiye saurin hayayyafa, sai su rufar mata kafin ta bar huhu ta kama hanta ko ƙashi. Cikin wata biyu kansar tsohon ta tsaya cak.

Sabuwar Gusau ta ɗauka, jiragen unguwa har hotonta suke haskawa. Ita ma kanta ya ɗan kumbura, ba a raba ɗan Adam da wannan.

Ta gwada tari, ta gwada atishawa don ta ga ko za su tsallaka jikin wani, duka na'urorin mutuwa suke da sun fito daga jiki sun sha iska. Abin da bai zo mata ba shi ne dabino. Ranar da matar ƙaninta Sallau ta haihu, aka miƙa wa tsohon jaririyar. Ya yi mata huɗuba, ya tauna dabino ya shafa mata a dasashi, kamar yadda ya yi wa ita Uwanin da kanta.

Bayan wata huɗu Sallau ya shigo da yarinyar a kafaɗa, tsohon na biye.

"Yaya, duba mana ita. Tana shan nono, amma har yau rigar suna ce a jikinta."

Uwani ta ɗora ta a na'urar hoto. Ga su nan fal, cikin ƙashi da hanta, suna aikinsu babu kuskure. Jinin kakanta ne a jikinta, kuma komai na jariri sauri yake yi. Tsoro ya kama Uwani irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Malam Ilu ya daɗe yana kallon allon.

"Uwani, kashe su. Har nawa. Ni na ci zamanina."

Shekara tara Uwani ta yi tana toshe duk wata hanyar da za a iya tsayar da su, don kada cutar ta samu ko minti guda na hutu. Har lambar yabo aka ba ta a kan hakan.

"Ina makashinsu yake?" in ji tsohon.

"Baba, ban yi musu ba."