Saboda Wa Dogo Ya Huta?

A shagon koyar da kwamfuta na Malam Zainulabidin da ke Makarfi suka fara ganin juna, ranar rabon 'yan wasa.

Malam ne ya kafa wa tsofaffin ɗalibansa gasar besbol ta cikin kwamfuta. Ba mai riƙe sanda, ba mai gudu a fili. Kowa yana da ƙungiyarsa da ya raɗa wa suna, yana tura jerin 'yan wasansa ta waya, kwamfuta ta buga wasan ranar Asabar bayan La'asar, Malam ya riƙa saka abin da ke faruwa a zauren WhatsApp. Wasan kuwa mai sauƙin ganewa ne. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai sanda ya doke ta ya ruga, in ya kewaye kusurwoyi ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. Zagaye tara ake yi.

Wasila, malamar lissafi a wata firamare a Ikara, ta zo ne da nufin ɗaukar wani mai jifa na cikin kwamfutar da kowa ke kira Dogo. Saura mutum ɗaya layi ya zo kanta, sai wani saurayi mai farar shadda ya ɗaga hannu.

"Raken Makarfi sun ɗauki Dogo."

Ta juyo ta harare shi. "Bawan Allah, duk 'yan wasan nan ba ka ga kowa ba sai nawa?"

"Ban ga sunanki a goshinsa ba, Malama," ya ce yana murmushi. "Sunana Ikrima. Wace ƙungiya na ɓata wa rai?"

"Barkonon Ikara. Kuma za ka ji yajinsa."

"Mu rake muke nomawa. Ko an tauna mu, zaƙi ake ji."

Ta kau da kai don kada ya ga dariyarta. Ya riga ya gani.

Aka sa su rukuni ɗaya, su da Masarar Likoro, ƙungiyar wata budurwa mai fara'a, Samira. Tun Ikrima yana turo saƙon tsokana bayan kowane wasa, har ya koma turowa ko ba wasa.

"Barkonona, yau na ɗora lodin rake mota biyu, amma tunaninki ya fi su nauyi."

"Ka rage zaƙin baki, Rake. Ƙudaje za su bi ka."

Da damina ta yi nisa ya fara zuwa zance Ikara a kan babur ɗinsa. Nan fa mahaifinta, Malam Inuwa, dillalin barkono, ya murtuke fuska.

"Yaron da kuka haɗu wajen caca shi zan ba 'yata?"

"Baba, wallahi ba caca ba ce. Ko sisi ba a sawa."

"To me ake ci?"

"Suna kawai."

"Suna," ya maimaita. "Allah ya kyauta."

Sai da Malam Zainulabidin ya tako har gida, ya zauna a kan tabarma ya yi bayani dalla-dalla, sannan aka bincika aka tarar Ikrima manomi ne tsayayye, ɗan mutunci. Malam Inuwa ya sauko. Ya ce da matarsa Hajo ta gaya wa yarinyar, in ta amince yaron ya turo magabatansa.

A makon da aka faɗi haka ne abin ya faru.

Gasa ta zo ƙarshe, wasa biyu ya rage wa Ikrima, ɗaya da Samira, na ƙarshe da Wasila. Dogo ya huta sarai, kowa ya san shi zai yi jifa a wasan Samira. Da jeri ya fito, babu Dogo. Wani sabon yaro aka sa, Masarar Likoro suka yi masa dukan kawo wuƙa.

Wasila tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa saƙon Samira ya faɗo zauren WhatsApp.

"Yaya Ikrima, na gode da wannan karamci. Allah ya bar zumunci." Ga furanni har uku a ƙarshe.

Wani ya rubuta, "Rake dai ba ya hana kowa zaƙinsa."

Ta karanta, ta sake karantawa. Yaya Ikrima. Yaushe ya zama yayanta? Ta tuna ranar rabon 'yan wasa Samira ce ta miƙa masa ruwa. Ta tuna Likoro ta fi kusa da gonarsa. Kafin ta gama tsintar shinkafar ta haɗa musu soyayya cikakkiya a ranta, har da kalar ankon biki.

Da Hajo ta tambaye ta wace amsa za a ba Baba, ta ce, "Inna, a dakata tukuna."

Ikrima ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙo.

"Barkonona, lafiya? Na ji an ce kin ce a dakata."

"Ka tambayi ƙanwarka ta Likoro. Furanninta sun iso?"

Washegari da yamma sai ga shi a zauren gidansu, ƙura har gira. Ta fito da mayafi ta zauna can ƙarshen tabarma, ta gaishe shi kamar mai gaida baƙon Baba.

"Wasila, kin fi ni sanin dokar nan," ya ce a hankali. "Mai jifa in ya yi wasa sai ya huta. Da na sa Dogo ranar Asabar, ba zai warware ba kafin wasanki."

"Oho. Ita ka yi mata shimfiɗa, ni kuma ka ajiye mini bulala."

"Faɗuwar da na yi ai ke ta amfana. Yanzu makinmu ɗaya da ke, wanda ya ci shi ne zakaran rukuni."

"Ban tambaye ka lissafi ba. Ni nake koyar da shi."

"To shi ke nan. In abin da kike so ke nan, zan ajiye Dogo a wasanki ma."

Ta ɗago ido a fusace. "Watau ni ma a ba ni sadakar da aka ba ta? In rubuto maka na gode da furanni?"

Ikrima ya cire hula ya share goshi. "In na sa shi na yi laifi, in na cire shi na yi laifi. Me zan yi, don Allah?"

"Ƙungiyarka ce," ta ce, ta miƙe ta shige gida.

Hajo tana bakin murhu, kuma bangon zauren ba shi da kauri. Ta bari sai da 'yarta ta zauna.

"Ni ban san wannan Dogon naku ba," ta ce tana juya miya. "Amma ranar da 'yan uwan babanki na kusa suka zo, me muke ba su?"

"Abin da ya samu."

"Ranar da babban baƙo zai zo fa?"

Wasila ta kalli zakaran da ke kiwo a tsakar gida.

"Zakaran nan ba kowa ake yanka wa ba, Wasila. Waccan tuwon jiya aka ɗumama mata, ita ce take ta godiya, ke kuma kina kuka."

"Inna, in kuma daɗin baki ne kawai yake yi mini?"

"Asabar ai ba nisa."

Maganar ta zauna mata. Ta yanke shawara a ranta ba tare da ta gaya wa kowa ba. In jeri ya fito babu Dogo, to bayanin da ya yi a zaure ƙarya ne, halinsa ne rabon alheri ga duk budurwar da ta ɓata fuska, kuma ita ba za ta zauna da mai irin wannan hali ba. In kuwa Dogo ya fito, ta san abin yi.

Shi kuwa Ikrima kwanakin nan bai ji daɗinsu ba. Abokansa suka taru a kansa a gindin mangwaron gona.

"Kai wawa ne? Mace tana fushi ka je ka cinye ta a gaban jama'a? Ka ajiye Dogo, ta ci, ta huce, a sha biki."

Sau da yawa ya cire sunan, sau da yawa ya mayar. Ranar Asabar da hantsi ya tura jerinsa ga Malam, sannan ya rubuta mata.

"Na gaya miki ke na ajiye wa shi, kuma ban iya mayar da maganata ƙarya ba. In na rasa ki a kan wannan, na rasa ki ina mai gaskiya. Ki shirya, Barkonona."

Ba ta amsa ba. Amma Hajo ta ga ta ci abincin rana har da ƙari.

Bayan La'asar Malam ya fara sako wasan. Dogo ya shigo kamar wanda aka yi wa laifi. Zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, masu sandan Ikara suna zuwa suna komawa hannu rabbana. Makarfi suka ci biyu a na biyar. A na bakwai Dogo ya fara gajiya, Ikara suka samu ɗaya, Wasila ta yi tsalle har ta zubar da ruwan buta.

Zagaye na tara. Mutum biyu na Ikara sun fita, in na uku ya fita wasa ya ƙare, ɗaya yana tsaye a kusurwa ta uku, taku kaɗan ya rage masa ya kawo maki. Wasila ta ƙura wa wayar ido. Har Malam Inuwa, da ya shigo ɗaukar carbi, ya tsaya a bayanta yana leƙe.

"Me ake jira?"

"Baba, in wannan ya doka mun yi kunnen doki."

"To ya doka mana!"

Saƙon Malam ya faɗo. "Ya kai sanda, bai samu ba. Wasa ya ƙare. Makarfi biyu, Ikara ɗaya."

"Yaron nan ba shi da kunya," Malam Inuwa ya ce. "Yana neman aure a gidana ya cinye mini 'ya?"

Wasila ta share hawaye da gefen mayafi. Hawayen gaske ne, don ta so nasarar nan. Sannan ta sunkuyar da kai.

"Inna, ki gaya wa Baba su turo."

"Ga shi tsaye a kanki," Hajo ta ce. "Ya ji."

A zaure Samira ta rubuta, "Kai, Yaya Ikrima, ni ka raga mini amma ka ƙi raga wa Anti Wasila?"

Wannan karon Wasila ce ta amsa. "Ƙanwata, yara ake raga wa." Ta saka mata furanni huɗu.

Sannan ta rubuta masa shi kaɗai.

"Ka ci wasa, Rake. Ban yafe ba, baɗi za mu haɗu. Amma ka turo."

Ya amsa kafin ta ajiye wayar. "Alhamdu lillahi. Tun safe ban iya haɗiyar ko ruwa ba."

Bayan an yi girbi aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Inuwa. 'Yan gasa suka zo daga Kudan da Likoro da Makarfi, Samira tana cikin ƙawayen amarya, kodayake amarya ta tabbatar ba ita aka ba aikin kai wa ango ruwa ba.

Da Malam Zainulabidin ya zo yi musu sallama a sabon gidansu, ya ce, "Tunda yanzu kin zama 'yar Makarfi, ko a haɗe ƙungiyoyin biyu?"

"A'a, Malam," ta ce daga cikin lulluɓi. "Ni aka kawo Makarfi. Barkono yana nan Ikara."

Ikrima ya dafe kai, ɗaki ya ɗauki dariya. Malam ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga nasa.

"Allah ya sanya albarka a wannan gida, ya ba ku haƙurin zama da juna da zuriya ta gari. Kishin da ke tsakaninku kuma Allah ya tsayar da shi a ranar Asabar."

"Amin," ango ya ce da ƙarfi.

Amarya ma ta ce amin, a hankali, tana murmushi.