Tsohuwa da Bishiyar Kan Kwana

A can wani zamani, a wata unguwa, an yi wata tsohuwa mai bishiyar lemo a ƙofar gida. Marigayi mijinta ne ya dasa ta, daidai inda hanya ta yi kwana. Bishiyar ta cika ta batse har ta tare gani. Mai babur ba ya hango yara, yara ba sa hango mai babur.

Mutanen unguwa suka tashi gyaran hanya. Suka cike ramuka, suka yi tudu don masu gudu su sassauta. Amma in sun zo kan bishiyar sai su yi shiru, don kowa na jin nauyin tsohuwa.

Wata safiya tana zaune a inuwa, sai wata yarinya ta fito za ta makaranta. Babur ya ɓullo, da ƙyar ya tsaya. Yarinya ta faɗi, ta kuje gwiwa. Tsohuwa ta ɗaga ta, ta share mata hawaye. Ta dubi bishiya, ta dubi yarinya. Ta sake duban bishiya, ta sake duban yarinya.

Sai ta aika a kira mai unguwa. Da ya zo ta ce, "Ku kawo gatari."

Ya ce, "Iya, ai dashen Malam ne."

Ta ce, "Don yara ya dasa ta."

Aka sare bishiya, tsohuwa na share ƙwalla. Washegari yaran unguwa suka kawo dashen lemo, suka dasa mata a tsakar gida. Tun daga ranar, ba mai wucewa makaranta sai ya shiga ya gaishe ta, ya ba dashen ruwa.