Takardar Bayan Ƙofa

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Alhaji Sha'ibu, a unguwar Adjamé Liberté. Matarsa Salamatu na tsakar gida tana gyaran kifi. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba. Na biyu ya fasa randa. Na uku daga cikin ɗaki ya fito, ɗakin kuwa a kulle yake.

Kwana huɗu ana haka. A na biyar, 'yarsu Zuhura ta dawo daga shagon buga takardu da take aiki a Treichville, ta zauna bakin rijiya ko takalmi ba ta cire ba. Uwar ta kira ta. Muryar da ta amsa ta tsoho ce.

"Ku kwashe kayanku. An ba ni ɗakunan."

Alhaji ya je da kansa ya ɗauko Malam Rabilu daga unguwar Saint-Michel. Malam ya zauna gaban Zuhura, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Wa ya ba ka?"

"Duba bayan ƙofa."

A nan mahaifin Alhaji ya rataye wata takardar ajami tun shekarar da ya zo daga Maraɗi ya sayi filin. Yarjejeniya ce tsakaninsa da aljanin da ya tarar a wurin. Danshi ya ci ta, shi ne Zuhura ta buga sabuwa a kwamfuta ta maye gurbinta.

Malam ya jera tsohuwa da sabuwa. Ya bi su da yatsa, a hankali.

"Alhaji, ajami daga dama yake tafiya, amma mahaifinka ya sa lambobin fili da faransanci a tsakiyar layi. Na'urar ta rikice, ta yi musayarsu. Gefen rijiya ya zama naku, ɗakuna suka zama na aljanin. Ga kuma wani layi da aka rubuta a tsaye a gefen takardar, babu shi a sabuwar."

"Sunana ne," in ji muryar. "Shekara sittin ina riƙe da alkawari, kuka share ni."

Alhaji ya durƙusa. "Wallahi kuskure ne, ba raini ba."

"To ku riƙe ɗakunan, ku bar mini yarinyar."

"Ba ta cikin takardar," in ji Malam, "tsohuwa ko sabuwa."

Har aka sallame salla a masallacin unguwa ba wanda ya motsa.

Sai muryar ta ce, "To ta sake rubutawa da hannunta. Da tawada."

Malam ya ce, "Sake ta tukuna. Ba za ta rubuta kana riƙe da ita ba."

Zuhura ta yi atishawa sau uku, ta kife. Da ta farfaɗo aka gaya mata abin da ya faru, Malam ya miƙa mata alƙalami. Ta fashe da kuka.

"Papa, pardon, na manta yadda ake yi da hannu."

Alhaji ya zauna kusa da ita, ya dafa hannunta da nasa. Da suka iso layin gefe ya juya takardar, suka rubuta sunan tare, harafi bayan harafi, ba wanda ya furta shi.