Ranar da Rijiya Ta Yi Ja

A ƙofar gidan Maigari Illa suka daidaita. Maigari zai hana mutanensa taɓa Rissa, Buzun da suka ɗaure a gindin adua, har ranar kasuwa. In Sufeto Attahiru bai samo wani mai laifin ba, da kansa zai kai shi kurkukun Tawa.

Satar katako ce ta kawo Sufeto ƙauyen nan na arewacin Adar, katakon Turai da sabuwar gwamnati ta aiko don rufin gidan likita. Sai ya tarar da abin da ya fi. Rijiyar garin, ita kaɗai, ta yi ja kamar shayi, ga ɗaci. Shanu sun ƙi sha, an kora su neman ruwa, suna faɗuwa a hanya. Kowa ya ce Buzu ne ya zuba magani.

Sufeto ya sa aka jawo guga, ya sansana. Ƙamshin ƙaro ya ji, irin wanda ya ji a ɗakin da aka kwashe katakon.

Tanimu kafinta, mai riƙon makullin ɗakin, ya rantse ba ya gari ranar satar, ya kai gaisuwar mutuwa. Da Sufeto ya roƙi ruwa a gidansa, matarsa Rahamatu ta kawo fari tas. Ta ce tun kafin mutane su lura rijiya ta juya maigida ya sa ake ɗebo musu daga tafki mai nisa.

"Malam Tanimu, wa ya gaya maka ruwan zai ɓaci?"

"Ranka shi daɗe, zato na yi."

"To, zo ka shiga rijiyar ka gano mana zaton."

Aka ɗaura masa igiya. Bai kai rabi ba ya ce a jawo shi. Ya amsa cewa katakon na ƙasan rijiyar, ɗaure da duwatsu, yana jiran motar wani ɗan kasuwa. Ya ce haka ubansa ke jiƙa itace don kada gara ta ci. Bai san na Turai yana zubar da jini a ruwa ba sai da ya ga gugan farko, tsoro kuma ya rufe masa baki.

Jandarman da ke tare da Sufeto ya tasa shi gaba zuwa mota.

Aka kwance Rissa, amma raƙumansa sun watse, bai ko kalli maigari ba ya yi arewa a ƙasa. Shanu ba su dawo ba. Katakon da aka tsamo ya sha rana, ya karkace, ya tsage, aka jibge shi bayan gidan likita marar rufi. Ruwa ya riga ya wanke masa ɗacin da ke korar gara. Duk garin, gara kaɗai ta ci riba.